Miliwat 13 a Kan Hanyar Dutse

Makarantar da zan ba da labarinta tana wani ƙauye ne mai nisan kilomita 15 daga Dutse, kuma buƙatarta ba ta wuce intanet ɗin da ɗalibai za su riƙa gwajin jarrabawa da shi ba. Tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, yaron ƙauye da bai taɓa dafa linzamin kwamfuta ba ya shiga tsaka mai wuya. Tsofaffin ɗaliban makarantar suka yi karo-karo, suka sayi kwamfutoci, suka sa sola, suka biya wani ya kafa musu eriyar da za ta jawo sabis daga cikin gari. Sabis ɗin kuwa ya zama yau akwai gobe babu. Da suka koka, sai aka ce musu rediyon da ke haɗe da eriyar ne ba shi da ƙarfi, su sake haɗo kuɗi a sayo amfilifaya. Shugaban makarantar abokina ne tun muna kwalejin horon malamai, ya kuma san ɗan yayata wannan ce sana'arsa. Da na kai wa yaron maganar, abu ɗaya ya ce: "Kawu, ka ce wa Malam kada ya fitar da ko sisi sai mun je mun yi lissafi." Kalmar lissafin nan ce ta sa na ce da ni za a tafi.

Mun bar Kano bayan asuba, cikin hunturu, hazo ya rufe gari har fitilun tireloli ba sa ganuwa sai sun matso. Bayan motar cike yake da kaya: faranti biyu a kwalayensu, nadin kebul, ɗamarar hawa ƙarfe, jakar sifanu, da yaron shagonsa da ya takure a gefe yana gyangyaɗi. Muka wuce Mariri da Gano, gari na wayewa muka hau gadar Wudil. Masu ɗiban yashi har sun shiga ruwa cikin wannan sanyin. A nan muka tsaya wurin mai shayi, a nan kuma aka fara yi mini karatu, a bayan wata takardar rasit.

Ya rubuta lambobi uku a jere. Ta farko ƙarfin da rediyo ke fitarwa. Ta biyu abin da kebul ke cinyewa tsakanin rediyo da eriya. Ta uku ribar eriya. A ɗauki ta farko, a debe ta biyu, a ƙara ta uku, abin da ya fito shi ne ƙarfin da ke fita iska ta fuskar da eriyar ke kallo. Injiniyoyi suna kiran amsar EIRP, wato ƙarfin da eriya mai watsawa ko'ina daidai-wa-daida za ta buƙata kafin ta yi wannan tasirin a wannan fuskar. Na ce masa to ai wannan lissafin 'yan aji uku ne. Ya ce haka ne, kuma desibel ne ya sauƙaƙa shi, domin shi ya mayar da ninkawa da rabawa suka zama tarawa da debewa. Abin da mutum zai haddace kaɗan ne. Ƙarin desibel 3 ninki biyu ne, ƙarin desibel 10 ninki goma. Idan an rubuta dBm, ana aunawa ne daga miliwat guda: 0 dBm miliwat 1 ke nan, 20 dBm miliwat 100, 30 dBm wat guda cur, 36 dBm wat 4. Idan kuma an rubuta dBi, ribar eriya ake nufi.

Wannan ribar ce ta tsaya mini a rai. Na tambaye shi ta yaya ƙarfen da ba a jona masa wuta ba zai ƙara ƙarfi. Ya ce ba ya ƙara komai, Kawu, tattarawa yake yi. Ka cire madubin da ke bayan ƙwan tocila, hasken zai bazu cikin ɗaki ba tare da ya kai ƙofar gida ba. Ka mayar da madubin, sai ka hasko bangon maƙwabta, alhali batirin bai ƙaru da komai ba. Abin da ya tafi gaba, daga baya da gefe aka kwaso shi. Farantin da ke cikin motarmu ribarsa 25 dBi, wato yana tattara sigina ninki 316 zuwa wani siririn zango da faɗinsa bai wuce kusan digiri 10 ba. Ya ƙara da wani gargaɗi da ya ce masu sana'ar da yawa suna tuntuɓe a kansa: gidajen rediyon FM sukan faɗi ƙarfinsu da wani ma'aunin daban, ERP, wanda ke kwatantawa da eriya mai hannu biyu, kuma tsakanin ma'aunan akwai desibel 2.15. Wanda ya cakuɗa su ya yi kuskuren fiye da ninki ɗaya da rabi bai sani ba.

Daga Wudil muka bi ta Gaya muka faɗa Shuwarin. Gonaki duk an girbe, sai karan dawa a tsaye da shanun Fulani suna kiwo a ciki. Kafin a shiga Dutse, duwatsun da suka ba garin sunansa ne ke fara yi wa baƙo maraba, manya-manya, wasu a ɗore kan wasu, da itatuwan dabino a tsakaninsu. Na daɗe ina zuwa garin nan, tun kafin 1991 da ya zama babban birnin Jigawa, ina kallon duwatsun a matsayin ado. Ɗan yayata kuwa tsayi yake gani a jikinsu. Mai sayar da intanet ɗin da makarantar ke hulɗa da shi ya kafa ƙarfensa a kan wani tudu, kuma can muka nufa.

Tsayin nan ba don ido ya hango ido kaɗai ake nemansa ba. Siginar rediyo ba ta tafiya a kan zare guda. Tana buƙatar fili a kewayen layin da ya haɗa eriyoyin biyu, fili mai kumburi a tsakiya mai tsukewa a bakin kowace eriya, wanda ake kira da sunan Fresnel, wani masanin haske Bafaranshe. A tazarar kilomita 15, a kan zangon gigahaz 5.8 da farantenmu ke aiki da shi, kumburin yana kai mita 14 daga layin a tsakiyar hanya, kuma ƙa'idar masu aikin ita ce aƙalla kashi 60 cikin ɗari nasa ya zama babu abin da ya tokare shi, wato mita 8 da 'yan kai. Doron ƙasa kansa yana tasowa da kusan mita 3 a tsakiyar wannan tazarar, saboda duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. A ɗora tsayin itatuwa a kai, sai ka ga dole layin ya ratsa sama da mita 25 a tsakiyar hanya. Ba don tudun Dutse ba, da sai an gina dogon ƙarfen da kuɗinsa ya fi ƙarfin makarantar ƙauye.

Ya ɗaura ɗamara ya hau, ni ina ƙasa ina riƙe da igiyar da aka ja farantin da ita. Iskar hunturu tana kaɗa rigarsa, ina ta karanto masa addu'a a zuci. Daga can sama ba a ganin komai bayan kilomita biyu ko uku, hazo ya shafe sauran. Don haka da kamfas da taswirar waya ya saita fuskar farantin, ya ɗaure kusoshin sama-sama yadda za su juyu, ya sauko ya bar yaron shagon a gindin ƙarfen da wayarsa da sifana, ya ce ya jira kira.

Hanyar ƙauyen burji ce, daga baya ma ta koma yashi. Mun isa ana kiran azahar. Bayan salla da gaishe-gaishe, abokina ya kai mu ɗakin kwamfuta, ya nuna mana aikin farko. Rediyon yana cikin ɗaki a kan kanta, wani siririn baƙin kebul ya fita ta taga, ya bi bango, ya hau sanda har zuwa wata eriya mai kama da raga. Ɗan yayata ya auna kebul ɗin da taku da ido, ya ce mita 15 ne. Ya kwance mahaɗin da ke waje ya miƙo mini. Cikinsa ya yi kore, ga ƙura ta daskare a kan tsatsa, salatif ɗin da aka naɗe shi da shi rana ta busar da shi yana ruɓushewa a hannu.

A kan allon ajin ya yi lissafin, da alli, a gaban shugaban makaranta da malamai biyu. Rediyon yana fitar da 20 dBm, miliwat 100, a zangon gigahaz 2.4. Irin wannan siririn kebul, RG-58, yana cin kusan desibel guda a kowace mita a wannan zangon, ga na mahaɗai, jimla 16. Abin da ke isa eriya 4 dBm ne, miliwat biyu da rabi. Cikin miliwat 100, fiye da 97 sun ƙare a jikin kebul sun zama ɗumi kafin su ga iska. Eriyar mai kyau ce, 24 dBi, don haka abin da ke fita 28 dBm ne. Sai ya ja layi ya shiga kashi na biyu, wato abin da hanya ke ci. Tun 1946 wani injiniya ɗan asalin Denmak mai suna Harald Friis, da ke aiki a Amurka, ya tsara wannan lissafin, kuma har yau da shi ake aiki: duk lokacin da nisa ya ninka, sigina tana raguwa da desibel 6. A kilomita 15 a wannan zangon, hanya tana cin kusan 124. Ɗaya gefen ma irin wannan haɗin aka yi masa, riba 24, asarar kebul 16. Ya tara ya debe, amsa ta fito −88 dBm. Ya ce wannan bakin gaɓa ne, inda rediyo ke ji da ƙyar. Iska ta ɗan girgiza sanda, ko raɓa ta shiga mahaɗi, sai magana ta yanke.

Abokina ya ce, "To ɗana, amfilifayar ba za ta cike giɓin ba?" Ya ce, "Baba, za ta ƙara abin da kuke aikawa, amma intanet magana ce ta ɓangare biyu. Idan Dutse ta ji ku, ku ba ku ji Dutse ba, ba a yi komai ba. Kuma duk abin da kuka ƙara, wannan kebul ɗin zai ci kasonsa. Desibel ɗin da aka ceto daga kebul, da wanda aka samu daga eriya, su ne ke aiki sau biyu, wajen aikawa da wajen karɓa." Maganin da ya zo da shi shi ne a kawar da kebul ɗin gaba ɗaya. Sababbin faranten, rediyon a jikinsu yake manne, babu tazara tsakaninsa da eriya. Abin da ke saukowa ɗaki kebul ɗin kwamfuta ne, shi ke ɗauko bayanai, shi ke kai wuta, kuma yana iya kai mita 100 ba tare da an yi asarar sigina ba.

Da aka zo ɗora farantin a kan tsohuwar sanda sai wata matsala ta ɓullo. Kamfas ya nuna layin Dutse ya bi ta kan wani ƙaton gawo da ke cikin gona, kimanin mita 300 daga makarantar. Gawo kuwa itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Ga shi nan a gabanmu cike da ganye, kansa ya kai tsayin sandar ko ya ɗara. Ganye yana shan siginar gigahaz 5.8 sosai, balle idan ya jiƙe. Kafin a jima labari ya kai ga mai gari, ya iso da mutanensa, ya ce in dai don karatun yara ne, gobe da safe za a sa gatari.

Na ji daɗin amsar da yaron ya bayar, har yau ina jin daɗinta. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar shi. Gawon nan ya girme ni, awaki suna cin 'ya'yansa, geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina kyau. Mu za mu matsa." Ya zagaya harabar makarantar yana duba kamfas, har ya tsaya a gindin ƙarfen tankin ruwa da ke ɗaya kusurwar. Daga nan layin ya kauce wa gawon, ga tsayi ya ƙaru. Bai tsaya nan ba, ya tambayi manoman da ke wurin waɗanne itatuwa ne a wannan fuskar, domin kukar da ke tsaye tsirara yanzu za ta yi ganye da damina. Wani dattijo ya lissafo masa su ɗaya bayan ɗaya har zuwa bakin fadama, da wadda ta fi tsayi da wadda aka sassabe bara. Taswirar waya ba ta da wannan bayanin.

Ana ɗaure farantin a kan ƙarfen tankin, ni da abokina muka zauna a inuwa muna cin dabinon da muka sayo a Dutse, yaron yana ba mu labari daga sama. Ya ce a 2007 wani malami a Benezuwela, Ermanno Pietrosemoli, ya haɗa duwatsu biyu da Wi-Fi a tazarar kilomita 382, kuma abin da ya ba shi nasara tsayi ne da manyan faranti da saiti. Ya ce kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 ya yi nisan fiye da kilomita biliyan 24, amma rediyonsa kusan wat 23 ne kacal. Farantinsa mai faɗin mita 3.7 yana tattara wannan ninki fiye da 60,000, ya fita ta fuskar duniya da tasirin sama da wat miliyan guda, a nan ƙasa kuma faranti masu faɗin mita 70 suke sauraro. Lissafin da ke kan allon ajin nan, in ji shi, shi ne dai wanda injiniyoyin kumbon suke yi.

Sai aka zo wurin da na fi son in ba da labari. Ya buɗe kwamfutarsa ya shiga saitin rediyon. Akwai wani ma'auni da ake ja, daga ƙasa har zuwa 25 dBm. Ɗaya daga cikin malaman ya ce a kai shi ƙarshe mana, tunda an biya kuɗinsa. Yaron ya ce a tara a gani: 25 da 25 hamsin ke nan, 50 dBm kuwa wat 100 ne a iska. Ya ja ma'aunin ya sauke shi zuwa 11 dBm, miliwat 13 ba cikakku ba. A ƙara ribar faranti 25, babu asarar kebul, an samu 36 dBm, wat 4. Hanya a zangon gigahaz 5.8 tana cin 131. Farantin Dutse zai ƙara 25. Ya ce abin da muke sa rai −70 ne, kusan ninki 60 na abin da tsohon haɗin ke kawowa, daga rediyon da ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na tsohon ba.

Dalilinsa na ƙin ƙure ma'aunin shi ne abin da ya sa na ga wannan lissafi ya wuce sha'anin fasaha kawai. Zangon digiri 10 siriri ne a bakin faranti, amma kafin ya kai kilomita 15 faɗinsa ya haura kilomita biyu da rabi. Wato duk abin da muka aika daga ƙauyen nan, rabin wata unguwa a Dutse yake sauka, a kan eriyoyin asibitoci da shaguna da ofisoshin da ba su san da mu ba. Zangunan gigahaz 2.4 da 5.8 na kowa da kowa ne, tun 1985 da Amurka ta fara buɗe su ga masu amfani ba tare da lasisi ba, sauran ƙasashe suka biyo baya, kowace da iyakarta. A Turai iyakar zangon 2.4 miliwat 100 ne, a Amurka wat 4 ga eriyar da ke ba mutane da yawa, a Najeriya kuma hukumar NCC ce ke da hurumin tsara amfani da zangunan. Waɗancan iyakoki biyu a kan abin da ya fita iska ake ƙirga su, ba a kan lambar da ke jikin kwali ba, shi ya sa mai rediyon miliwat 100 zai iya keta doka da sauya eriya kaɗai. Ya ce a wasu unguwannin Kano ya ga yadda abin ke ƙarewa: wannan ya ƙara ƙarfi don ya danne na kusa da shi, wancan ma ya ƙara, hayaniya ta cika zangon, kowa ya koma yana samun ƙasa da abin da yake samu da farko. Ni a ganina wanda ya ƙure ma'auni ba tare da ya yi lissafi ba ya shiga haƙƙin mutanen da ba zai taɓa gani ba balle ya nemi gafararsu, kuma wannan ya isa dalilin da zai sa a koya wa duk mai hawa ƙarfe wannan tarawa da debewar kafin a ba shi sifana.

Aka kira yaron shago a Dutse, ya hau. Ni aka ba wa aikin karanta lamba daga kwamfuta da babbar murya, ɗan yayata yana kan tanki da waya a kunne. Lambar farko −84. Ya ce wa na Dutse ya juya dama kaɗan-kaɗan. Ta koma −80, ta koma −77, sai ta sake faɗuwa, ya ce ya wuce, ya dawo baya. Aka ɗaure wancan gefen, shi ma ya fara juya nasa, hagu da dama tukuna, sannan sama da ƙasa, da taɓin da bai fi kaurin yatsa ba. Ɗalibai sun cika taga suna maimaita lambar bayana. Ta tsaya a −72. Ya ce desibel 2 tsakanin alli da iska ba abin damuwa ba ne, da ta tsaya a −80 ne da ya san akwai abin da ya tokare hanya ko wani gefen bai saitu ba. Ya ɗaure kusoshi, ya naɗe mahaɗin da roba mai hana ruwa, ya ja wayar kariya daga tsawa zuwa ƙarfen da aka binne a ƙasa.

Kafin magariba kwamfutocin ɗakin duk sun buɗe shafin gwajin jarrabawa. Shi kuwa ya nemi farar takarda ya rubuta lambobin: 11, 25, 36, 131, −70 da aka sa rai, −72 da aka samu, da fuskar kamfas, ya manna a cikin murfin akwatin batir don duk wanda zai zo gyara bayansa. Ya ce wa abokina, "Baba, ku sa wani malami ya riƙa duba lambar nan duk mako yana rubutawa. Idan ruwa ya sauka kuka ga ta kai −80, ku kira ni, kada ku bari kowa ya taɓa ma'aunin ƙarfi." Kuɗin amfilifayar da aka fara tarawa, a wurin aka yanke shawarar a ƙara batir da su, domin sola ɗin ba ya kai su ƙarfe tara na dare. Muka yi sallama da mai gari, muka koma Dutse ɗauko yaron shago.